Mudun Kamfani: Darasi Kan Takardar ISO



In mun je kasuwa awon gero, mudu muke fara dubawa. To, manyan kamfanoni ma suna da nasu mudun. Ƙungiyar ISO, mai mazauni a birnin Jeneba, ita ke tsara shi. ISO 9001 ya fito a 1987, kan ingancin aiki. ISO 14001 ya biyo baya a 1996, kan kula da muhalli. Akwai kuma tsarin GRI, wanda aka kafa a 1997, da kamfani ke bi ya rubuta rahoton shekara: ruwa nawa ya ja, ina ya zuba shararsa, ma'aikata nawa suka ji rauni.

Amma fa mu lura. Takardar ISO 14001 shaida ce cewa kamfani ya shimfiɗa tsarin kula da muhalli. Ba ta ce ruwan garin ya tsabtata ba.

Ga misali a Nijar. Kamfanonin haƙar yuraniyam na yankin Arlit sun samu wannan takarda. Duk da haka, a Nuwamba 2009 masu binciken Greenpeace sun auna titunan Akokan, suka tarar da tururin guba da ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, inda yara ke wasa.

Don haka in rahoto ya zo hannunmu, mu yi tambaya uku. Wa ya auna? Wani na waje ya duba? An ji ta bakin mutanen gari? Mai tauye mudu ba ya son a taɓa mudunsa.

Allah ya ƙara mana fahimta.