Wane Ne Mudda'i A Gaban Alƙali?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi kalmomin da ake ji a zauren shari'a, domin mutane da yawa sun rasa haƙƙinsu saboda rashin sanin nauyin abin da bakinsu ya furta.

Da'awa ita ce mutum ya nemi wani haƙƙi a hannun wani a gaban alƙali. Mai nema shi ne mudda'i, wanda ake nema a wurinsa kuwa mudda'a alaihi. Sharaɗin da'awa shi ne ta kasance sananniya, tabbatacciya. Wanda ya ce, "Ina binsa wani abu," bai faɗi adadi ba, bai cika sharaɗi ba. In an karanta wa mudda'a alaihi ƙara, ko dai ya yi iƙrari, wato ya amsa, ko ya yi inkari, wato ya musa. Kawo bayyina, wato shaidu, yana kan mudda'i, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa.

To, a nan ne ake yin tuntuɓe. Malaman mazhabar Malikiyya, irin su Ibn Asim na Andalus mai littafin Tuhfatul Hukkami, sun bayyana cewa ba rigan zuwa kotu ke sa mutum ya zama mudda'i ba. Mudda'i shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'ada. Misali, ɗan kasuwa ya kai maƙwabcinsa ƙara kan bashin buhun gero goma. In maƙwabcin ya musa, shaidu suna kan ɗan kasuwa, domin asali ba a bin kowa bashi. Amma in ya ce, "Allah gafarta Malam, na karɓa, amma na biya," ya yi iƙrari ke nan, ya kuma koma mudda'i. Sai ya kawo shaidun biya, in ba shi da su mai gero ya rantse ya karɓi kayansa.

Saboda haka, wanda zai biya bashi ya kafa shaidu kamar yadda aka kafa ranar karɓa. Mai ƙarar ƙarya kuwa ya tuna, hukuncin alƙali ba ya halatta masa haram a wurin Allah.

Allah Ya sa mu dace, amin.