Ina Hotunan Bikin Suka Shiga?

Wata takwas bayan biki, uwar amarya ta bugo waya tana neman hoton da aka ɗauke ta da kakar amarya ranar kamu, domin tsohuwar ta rasu. Mai hoto ya buɗe Lightroom Classic. Ga hoton nan ƙarami a kan allo, amma da alamar motsin rai a kusurwarsa, foldar kuma ɗauke da alamar tambaya. Ya yi ya yi ya fitar da shi, ya ƙi fita.

Yawanci irin wannan hoton bai ɓata ba. Lightroom, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 2007, ba ya ajiye hotuna a cikinsa. Kundinsa, wato fayil ɗin da sunansa ke ƙarewa da .lrcat, adireshin kowane hoto yake riƙewa, tare da bayanin gyaran da aka yi masa. Duk wanda ya kwashe folda zuwa faifan ajiya na waje ta File Explorer ko Finder, ya sauya wa hotuna gida ke nan bai sanar da manhajar ba. Abin yi shi ne ya danna ɓarin dama na linzami a kan foldar, ya zaɓi umarnin neman foldar da ta ɓata, ya nuna wa manhajar sabon wurin. Sake shigo da hotunan babban kuskure ne, domin gyaran da ya kwana yana yi na manne da tsohon adireshi. Nan gaba kuwa, duk wata ƙaura da za a yi wa folda, a ja ta daga cikin Lightroom.

Tsarin foldar kansa gara ya zama mai sauƙi. Uwar folda guda ɗaya, a cikinta foldar kowace shekara, a cikin shekara kuma kowane aiki da kwanan watansa a gaba, kamar 2024-03-09 Bikin Zariya. Shekara ake farawa da ita, sai wata, sai rana, domin ta haka kwamfuta za ta jera su bi da bi. Sunaye irin su "sababbi" ko "na gyara" ba sa tsinana komai bayan mako biyu.

Sunayen da kyamara ke bayarwa ma tarko ne. Canon na farawa da IMG_0001, Nikon da DSC_0001, kuma idan lissafi ya kai 9999 sai ya koma farko. Mai ɗaukar hoto 2,000 a biki ɗaya, biki biyar ya ishe shi ya zagayo. Shi ya sa ya dace a sake wa hotuna suna tun wajen shigo da su.

To idan ana son hoto ɗaya a wurin amarya, a wurin ango, kuma cikin na talla fa? Kwafa shi sau uku ɓarnar wuri ce, tunda hoton RAW na kyamara mai megafiksel 24 kan kai megabait 25 ko fiye. Sashen da Lightroom ya sa wa suna Collections, wato kwandunan zaɓi, don haka aka yi shi: hoto na zaune a foldarsa, ana ganinsa a kwando goma.

Akwai kuma abin da ke yaudarar mutane da yawa. Ajiyar ko-ta-kwana da Lightroom ke tambaya a yi lokacin rufe shi, kundin kaɗai take kwafa, ba ta taɓa hoto ko ɗaya. Uwar foldar nan sai mai hoto ya kwafa ta da kansa zuwa faifai na biyu, kuma ya yi hakan kafin ya goge memorin kyamara.