Saniyar amana da rijiyar kowa

Ngelbeli garin makiyaya ne. Yana cikin gundumar Maine Sorowa, a jihar Difa. Ƙasa ce ta rairayi, da tuddai da kwaruruka. Ruwan sama kaɗan ne. Dukiyar mutanen wurin ita ce shanu da tumaki da awaki da raƙuma.

A irin wannan ƙasa dukiya ba ta da tabbas. Mai shanu 50 bana yana iya wayar gari baɗi da sanda kaɗai a hannu. An ga haka a farin 1973 da 1974. An sake gani a 1984. To, idan garken mutum ya ƙare, wa zai tashe shi? Babu banki a daji. Amma Fulani suna da nasu maganin tun kaka da kakanni.

Habbanaye

Habbanaye kalmar Fulatanci ce. Ma'anarta saniyar da aka ɗaure wa wani. Ga yadda ake yi. Mai shanu ya zaɓi karsana mai lafiya, ya ba wani aro. Wanda aka ba ya tafi da ita garkensa. Shi zai yi kiwonta, shi zai shayar da ita. Nononta nasa ne da iyalinsa. Idan ta haihu, maraƙin nasa ne. Wajen Woɗaɓe sai ta haihu sau uku ake maida ta. Wasu wurare sau biyu ne. Daga nan uwar ta koma wurin mai ita, maruƙa su zauna. Mutumin da ba shi da komai ya samu tushen garke ke nan.

Wannan aro ba na kwana biyu ba ne. Yana ɗaukar shekara biyar ko shida, ko fiye. A cikin waɗannan shekaru saniyar tana nesa da idon mai ita. Tana iya gangarawa kudu har bakin Kumadugu da rani, ta koma arewa da damina. Babu takarda. Babu sa hannu. Idan ta mutu ba da sakaci ba, ba a biya.

Duk da haka wanda aka ba aro yana kula da ita fiye da nasa shanun. Ba ya sayar da ita, ko yunwa ta matsa. Kuma ran da ya samu hali, shi ma yakan ɗaure wa mai aron tasa karsanar. Zumuncin yana wucewa har ga ƴaƴa.

Bayan farin 1974, ƙungiyar agaji ta Oxfam ta ga wannan al'ada a Nijar, ta yi koyi da ita wajen maida wa makiyaya dabbobi. Daga baya ƙungiyoyi da yawa suka bi sahu, suna ba mata awaki bisa wannan tsari.

Ga tambaya. Me ya hana mutum ya cinye saniyar, ya ce ta mutu? Kuma me ya sa mai shanu yake yarda tun farko?

Addini ya yi umurni da riƙon amana, ya hana ha'inci. Kowa ya san wannan. Masana halin ɗan Adam su ma sun daɗe suna binciken abin ta tasu hanya. Suna so su san inda halin taimako ya samo tushe, da abin da ke raya shi, da abin da ke kashe shi.

Tun daga goyo

A 2006, a birnin Laifzig na ƙasar Jamus, wasu malamai biyu sun gwada yara ƴan wata 18. Yaran ba su iya magana sosai ba tukuna. Malami ɗaya yana shanya, sai abin maƙale tufa ya faɗi daga hannunsa. Ya miƙa hannu, bai kai ba. Sai yaro ya taso, ya ɗauka, ya miƙa masa. Ba wanda ya aike shi. Ba a ba shi alewa ba. Amma idan malamin ya jefar da abin da gangan, yaro ba ya damuwa ya ɗauko. Ashe yaro yana gane mai bukata tun bai iya faɗin sunansa ba.

Daga ina wannan hali ya fito? A 1871 wani masani ɗan Ingila, Darwin, ya ba da amsa. A ganinsa, mutanen farko suna zaune ƙungiya ƙungiya cikin wahala. Ƙungiyar da mutanenta suke taimakon juna ita take tsira, ta hayayyafa. Wadda kowa yake ta kansa takan watse. Da haka jikoki suka gaji halin tausayi da jin kunya, kamar yadda maraƙi yake gadon launin uwarsa.

Taimakon ɗan'uwa na jini ba shi da wuyar ganewa. Ko kaza tana kare ƴan tsakinta. Abin da ya fi wuya shi ne taimakon bare. A 1971 wani masani ɗan Amurka, Robert Trivers, ya yi bayani. Ya nuna cewa taimakon bare yana ɗorewa idan abu uku sun haɗu. Abin da mai bayarwa ya rasa ya zama kaɗan, abin da mai karɓa ya samu ya zama babba. Su biyun su kasance za su sake haɗuwa. Kuma a iya gane macuci, a tuna da shi.

An ga misali wajen wani jemage mai shan jinin dabbobi, a ƙasar Kosta Rika. An bayyana binciken a 1984. Wannan jemage idan ya yi kamar kwana uku bai ci ba, mutuwa yake yi. Wanda ya ƙoshi yakan amayo kaɗan ya ba wanda ya kwana da yunwa. Amma ba kowa yake ba. Yana ba danginsa, da abokan kwanansa da ya sani, waɗanda su ma suke ba shi.

Yanzu a auna habbanaye da wannan ma'auni. Mai shanu 50 ya ba da karsana ɗaya, bai rasa abin kirki ba. Wanda ya karɓa kuwa, ƴaƴansa sun sha nono, gidansa ya tsaya. Ban da haka, mai shanu ya raba ƙafa. Idan ciwo ya faɗa wa garkensa, ko ɓarayi suka kora shi, wadda take hannun aboki tana nan. Haɗuwa kuma dole ce: a bakin rijiya, a kasuwa, a wurin suna, a wurin gaisuwar mutuwa. Macuci ba shi da wurin ɓuya. Makiyayi ya san saniyarsa da sunanta da zanen kunnenta, ya san uwarta da kakarta. Labari kuma yana tafiya daga ruga zuwa ruga, ya fi raƙumi sauri. Wanda ya ci amanar habbanaye sau ɗaya, ba a ƙara ɗaure masa. Kunyar tana bin ƴaƴansa. Fulani suna ce wa wannan kunya semteende, kuma ba abin wasa ba ce a wurinsu.

Wasan asusu

A 2002 wasu malamai a ƙasar Suwis sun shirya wa ɗalibai 240 wani wasa. Mutum huɗu huɗu ake zama. An ba kowa kuɗi, a ce dala 20. Akwai asusu a tsakiya. Abin da aka zuba ciki, malamai su ƙara masa riba, a raba wa mutum huɗun daidai, har da wanda bai zuba komai ba.

A yi lissafi. Idan kowa ya zuba 20, an tara 80. Da riba ta zama 128. Kowa ya tashi da 32. Idan uku suka zuba, ɗaya ya ɓoye nasa, an tara 60. Da riba ta zama 96. Kowa ya samu 24. Mai ɓoyewa kuwa yana da 20 a aljihu, ya tashi da 44.

Da farko yawancin ɗalibai sun zuba. Da suka ga masu wayo suna cin guminsu, sai suka riƙa janye hannu, asusu yana ta raguwa. Sai aka kawo doka: kowa yana iya cin tarar mai wayo, amma sai ya biya dala 1 daga aljihunsa kafin a cire wa mai wayo dala 3. Mutane da yawa suka yarda su yi asara don a hukunta shi. Nan da nan asusu ya soma cika.

Ashe masu kirki sun fi yawa. Amma ba mai son a maishe shi wawa. Duk wanda ya taɓa shiga adashi ko asusun hatsi na gari ya san wannan.

Rijiya mai uba da rijiyar kowa

A ƙasar Ngelbeli da Fulatari, da rani rijiya ita ce komai. Mai riƙe da ruwa shi ke riƙe da ciyawar da ke kewaye, don dabba ba ta kiwo nesa da inda za ta sha.

Rijiyar gargajiya, iyali ne suke haƙa ta, ko su biya masu haƙa, a kafe ta da itace. Tana da mai ita. Shanunsa ne suke fara sha. Idan baƙo ya iso da garke, ba ya jefa wasaki haka nan. Sai ya sauka, ya yi sallama, a gaisa. A tambaye shi daga ina, dabba nawa, ko akwai ciwo a cikinsu. Sannan a yanka masa kwanakin da zai yi da lokacin da zai shayar. Ba a hana mai ƙishirwa ruwa, wannan abin kunya ne. Kuma mai rijiya ya san baɗi ruwan sama yana iya tsallake ƙasarsa, ya zama shi ne baƙo a rijiyar wancan. Ruwan irin wannan rijiya ba shi da yawa. Don haka garkuna ba sa taruwa fiye da ƙarfin ciyawa.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta gina rijiyoyin siminti da fanfuna masu inji a ƙasar kiwo. Niyyar mai kyau ce, kuma ruwa ya samu. Rijiyar siminti ba ta rushewa kamar ta itace, ba ta binne mutum. Amma an ce rijiyar ta kowa ce, ba a faɗi wanda zai tsara layi ba. Wata mai bincike, Brigitte Thébaud, ta yi aiki da makiyayan jihar Difa a shekarun 1980, ta rubuta abin da ya biyo baya. Baƙo ba ya bukatar sallama. Wanda ya sha yau ba ya bin kowa bashin alheri, ba a bin sa. Garkuna suka yi yawa, ciyawa ta ƙare da wuri. Mai ƙarfi ya riƙa tare bakin rijiya, mai rauni ya jira dare. A wasu wurare har aka zub da jini.

Mutanen ba su sāke ba. Su ne dai masu ɗaure wa juna karsana. Abin da ya ɓace a bakin rijiyar shi ne sanin juna, da sa ran sake haɗuwa, da mai tsawatarwa.

Wata malama ƴar Amurka, Elinor Ostrom, ta bincika makiyaya da masunta da masu noman rani a ƙasashe da dama. Ta samu lambar yabo ta Nobel a 2009. Ta gano cewa dukiyar jama'a tana ɗorewa idan an san masu hakki a kanta, idan su da kansu suka tsara dokarta, idan akwai masu sa ido, kuma hukunci ya fara da kaɗan kafin ya yi nauyi.

Dokar ƙasa ma ta dawo kan wannan hanya. Dokar karkara ta 1993 ta ba makiyaya hakkin fifiko a ƙasar da suka saba zama. Fifiko ne, ba ikon korar baƙo ba. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar cewa yawon kiwo hakki ne na makiyayi. A jihar Difa, ƙungiyar CARE ta yi wani aiki da aka kira rijiyoyin zaman lafiya. Kafin a sa magini, sai a tara duk masu shayarwa a wurin, Fulani da Mangawa da Tubawa da Larabawa, mazauna da masu wucewa. A yi ta zama har a daidaita: wa zai fara, baƙo kwana nawa, nawa za a biya don gyara, wa zai riƙe kuɗin. Zaman yana cin lokaci, wani sa'in ya fi ginin daɗewa. Sai an sa hannu a gaban sarakuna da hukuma, sannan a fara haƙa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

A rijiyar garinku, wa yake tsara layi? Wa ya naɗa shi?

Idan baƙo ya iso da garke cikin bazara, wurin wa yake fara zuwa?

Kuɗin gyaran rijiya, wa yake riƙe da littafinsu? Mutum nawa ne cikinku suka iya karanta shi?