Aman Wuta a Can Nesa, Fari a Gonakin Karaye da Rogo

A ƙasar Karaye da Rogo babu dutse mai aman wuta, ko a bakin tsofaffi ma ba a jin labarinsa. Abin da za a iya nunawa a Jihar Kano shi ne duwatsun Riruwai a Doguwa, waɗanda masana ƙasa suka ce ragowar wani tsohon dutse ne da wutarsa ta mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, ya bar mana kuza. Shi ya sa idan rediyo ta kawo labarin aman wuta, manomi kan ce "Allah ya kiyaye," ya ci gaba da aikinsa. Mai wannan rubutu malamin gona ne da ke zagaya ƙauyukan ƙananan hukumomin nan biyu, kuma a ganinsa labarin ya cancanci a tsaya a saurara, domin wasu daga cikin duwatsun nan suna taɓa daminarmu.

Aman wuta ba abu ne na jefi-jefi ba. Akwai duwatsu kusan 1,350 a doron ƙasa da ake ganin za su iya tashi, kuma cibiyar Smithsonian ta Amurka, mai riƙe da kundinsu, ta ce a kowane lokaci akan samu 40 zuwa 50 suna cikin yi. Yawancinsu maƙwabtansu kawai suke wa ɓarna, kamar yadda Nyiragongo ya yi wa garin Goma na Kwango a 2002 da 2021. A Kamaru, tafkin Nyos da ke cikin ramin wani tsohon dutse ya saki iska mai shaƙewa a daren 21 ga Agusta 1986, ta kashe mutum fiye da 1,700, cikinsu har da Fulani makiyaya, da dubban shanu.

Waɗanda ke juya yanayin duniya kuwa ba su da yawa, 'yan kaɗan ne a cikin shekara ɗari. Kuma ba tokarsu ce matsalar ba, ita cikin kwanaki ko makonni take zubowa. Matsalar ita ce iskar farar wuta da dutsen ke cillawa sama, kilomita 20 ko fiye, can bisa gajimare. A can takan haɗu da tururin ruwa ta zama wani siririn hazo mai mayar da hasken rana baya. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga kwarin Bodele na Chadi ruwan farko ke wanke ta. Wannan hazo kuwa ruwan sama ba ya kai masa, sai ya shekara ɗaya ko biyu yana yawo. Da dutsen Pinatubo na Filifins ya fashe ranar 15 ga Yuni 1991, ya tura kimanin tan miliyan 15 na wannan iska, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo.

Wanda ya sha zafin watan Afrilu a Karaye zai ce ai wannan rahama ce. To amma damina da zafi take zuwa. Idan Sahara ta gasu a bazara, ita ke janyo iska mai laima daga Tekun Atlantika zuwa arewa, har a samu hadarin da ke haɗuwa a gabas. Idan hazon ya lulluɓe rabin duniya na arewa fiye da na kudu, arewa ta ɗan yi sanyi, janyowar sai ta yi rauni. Ruwan da ya kamata ya iso Kano da Katsina da Maraɗi sai ya maƙale a kudu.

Tarihin ƙasar nan ya ga haka. Ranar 6 ga Yuni 1912 wani dutse ya fashe a yankin Katmai na Alaska, aman wuta mafi girma a ƙarni na 20. Daminar 1913 ta zo wa ƙasar Hausa da fari mai tsanani, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kai har 1914. Ba farin kaɗai ya kashe mutane ba: jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, gyaɗa ta fara cin gonakin hatsi, ga harajin Turawa da sai an sayar da amfani ake biya. Rumbuna suka tarar da farin babu ajiya. Bayan shekara saba'in, a ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 1982, El Chichon na Meziko ya yi nasa, hazonsa ya fi zama a arewa. Daminar 1983 da ta 1984 dattawan Rogo ba sa buƙatar a tuna musu; a Nijar yunwar lokacin har suna ta samu, El-Buhari. A 2013 masana daga hukumar yanayi ta Birtaniya, ƙarƙashin Jim Haywood, suka duba lissafin ruwan Sahel daga 1900 zuwa 2010, suka ga uku daga cikin damuna huɗu mafi bushewa sun biyo bayan babban aman wuta a rabin duniya na arewa.

Kada a ɗauka kowane fari daga dutse yake. Na 1972 da 1973 ya zo ba tare da wani babban aman wuta a gabansa ba, kuma ɗumin ruwan teku yana da nasa hannun a duk waɗannan shekaru. Haka nan ƙaruwar zafin da ake kuka da ita yanzu ba laifin duwatsu ba ne: hayaƙin man fetur da kwal da ɗan Adam ke saki a shekara ya ninka nasu fiye da sau hamsin.

Abin da ke damun malamin gonar shi ne abin da yake gani a gonaki. Inda a da ake ganin gero da dawa, yanzu masara ce iya ganin ido, kuma da yawa irin nan ne mai wata huɗu, an sa mata takin da aka ci bashi. Masara ba ta da haƙurin gero. Ruwa ya ɗauke sati biyu ko uku daidai lokacin da take fitar da gemu, sai ka ga ganyen ya nannaɗe tun da hantsi, gemun ya bushe, goyon ya fito da ƙwaya ɗai-ɗai. Da kaka kuma motoci ke shigowa kasuwanni su kwashe buhuna, magidanci ya riƙe kuɗi a madadin damma a rumbu. Idan malamin ya tayar da maganar, amsar da yake ji ita ce, "Malam, ruwa ai na Allah ne." Shi ma ya yarda da haka, sai dai yakan tuna musu cewa Annabi Yusuf, alaihissalam, ajiya ya sa aka yi tun shekarun yalwa.

Farin da dutse ke jawowa yana da wani sauƙi guda: yana sallama kafin ya shigo. Tsakanin fashewar Katmai da daminar da ta lalace an samu kusan shekara. Wannan tazara ta isa manomi ya nemi masara mai kwana 90, ya mayar da wani ɓangaren jigawa ga gero da wake, ya ƙi sayar da duk abin da ya noma, makiyayi kuma ya tanadi harawa da kara. Waɗanda ke kusa da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, suna da damar noman rani da mutanen 1983 ba su samu ba. Hukumar yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma aikin malaman gona na hukumar noma ta jiha, KNARDA, ne su kai shi majalisun ƙauye da Hausa.

Ga gidajen rediyo kuma malamin yana da roƙo. Idan dutse ya tashi, bayan an faɗi adadin waɗanda suka rasu, a ƙara da abu uku: a wace ƙasa ne, hayaƙinsa ya haura bisa gajimare ko bai haura ba, kuma arewa ya nufa ko kudu.