Daga Injin Niƙa Zuwa Jirgin Sama: Hikimar Rage Saurin Farfela

Sanin kowa ne cewa a garuruwan Ƙaraye da Rogo da ƙauyukansu da wuya a rasa injin niƙa. Duk ɗalibin da ya lura zai ga faifan ƙarfe guda biyu da bel ya haɗa: ƙarami a jikin inji, babba a jikin maniƙa. Wannan tsari shi ne maganin wata babbar matsala da ke fuskantar masu ƙera ƙananan jiragen sama a gida.

Mene Ne Matsalar?

Yawancin masu wannan ƙira injin mota suke samu cikin sauƙi. Alal misali, a shekarar 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota ƙirar Honda Civic. To amma injin mota ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ya yi juyi wajen 5,000 zuwa 6,000 a minti ɗaya, alhali kuwa farfela ba ta son wannan gaggawa.

Dalili shi ne, bakin farfela ya fi gindinta yin tafiya mai nisa a kowane juyi. A ɗauki farfela mai faɗin mita 1.8. A juyi guda bakinta yana shafe mita 5.65, watau 1.8 sau 3.14. Idan tana juyi 2,700 a minti, bakin yana gudun mita 254 a daƙiƙa. Idan aka ninka juyin ya kai 5,400, gudun zai zama mita 509, alhali saurin sauti a cikin iska kimanin mita 340 ne kawai. Da zarar bakin ya kusanci wannan iyaka, sai ƙara ta yawaita, turin iska ya ragu, mai ya ƙone a banza, farfelar ma tana iya tsagewa.

Yadda Ake Magance Ta

Idan faifan inji yana da faɗin santimita 10, na farfela kuma 20, to sai inji ya juya sau biyu kafin farfela ta juya sau ɗaya. Sauri ya ragu da rabi, ƙarfin murɗawa kuwa ya ninka. Ba a ƙirƙiri sabon ƙarfi ba, musaya kurum aka yi, kamar yadda mai keke yake sauya giya idan ya zo hawan tudu.

Ana yin wannan da bel, ko sarƙa, ko giya. Sarƙa 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright suka sa wa jirginsu a Amurka a 1903. Injin Rotax 912 kuwa giya gare shi, wadda a wani samfurinsa take mayar da juyi 5,800 ya koma kusan 2,400. Akwai kuma injinan da ba sa bukatar ragi: jirgin koyon tuƙi na Air Beetle, wanda aka harhaɗa a Kaduna, injinsa na Lycoming juyi 2,700 yake yi, don haka farfela a jikinsa take kai tsaye.

Inda Haɗari Yake

Fistan ba ya turi bai ɗaya, bugu-bugu yake yi, farfela kuma tana da nauyi. Wannan fizge-fizge yana iya cinye haƙoran giya ko ya tsinka bel. In bel ya tsinke a wurin niƙa, jira kawai masu hatsi za su yi. In ya tsinke a sama, rai ne a kan siraɗi. Shi ya sa ake daɗewa ana gwajin inji a ƙasa kafin a tashi.

Aikin Gwaji

1. Da izinin mai inji, kuma bayan an kashe shi, ɗalibai su auna faɗin faya-fayan biyu, su raba babban da ƙaramin.
2. Inji yana juyi 6,000, ana son farfela ta yi 2,400. Idan ƙaramin faifai santimita 8 ne, nawa ne faɗin babban?