Dogon mutum da kekensa

A hanyar Ƙaura Namoda zuwa Zurmi ba a rasa dogon saurayi bisa keken gwanjo mai giya, gwiwoyinsa na neman dukan hannun keken. Yawancin kekunan hawan dutse da ke isowa kasuwannin Ƙaura da Shinkafi masu tayar inci 26 ne, da ƙaramar gangar jiki. Wanda ya kai ƙafa shida ya nemi mai alamar L ko XL, in an samu tayar inci 29 ya fi. Tsohon Raleigh da Phoenix masu tayar inci 28 ma sun fi karɓar dogo.

Sirdi ne abin lura. Mahayi ya ɗora diddige kan feda tana can ƙasa: in ƙafar ta miƙe sosai, tsayin ya yi. Amma akwai zane a jikin ƙarfen sirdin da bai kamata ya fito waje ba, domin ƙetare shi kan tsaga gangar keken, kuma walda ba ta cika maido da ƙarfinta ba.

A gangaren kwazazzabo mahayi ya sauko da sirdin, ya ja jiki baya, ya matsa birki biyun a hankali. Cikin rairayi kuwa ya ɗan rage iskar taya.