KULA DA TSOHON KEKEN ƊINKI DA ZAƁEN ƘAFAR DA TA DACE DA ƊINKIN BARGO

Gabatarwa

A garin Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da shi a kudancin Jihar Kaduna, irin su Kagoro da Zonkwa da Kwoi da ƙauyen Nok, da wuya mutum ya ratsa kasuwa bai ji ƙarar baƙin keken ɗinki mai feda ba. Tun shekarar 1927 da Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos suka haɗu, kayan kanti suka sami hanyar shiga wannan yanki. A yau teloli da matan aure da yawa suna ci da iyalinsu da kekunan da suka gada daga iyaye. Sai dai kuma akwai da yawa da aka jingine a lungun ɗaki, daga baya a sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa jama'a cewa ba tsufa ne ke kashe keken ɗinki ba. Abubuwa uku ne ke kashe shi: datti, da man da bai dace ba, da tilasta masa ɗinka abu mai kauri da ƙafar da ba ta aikin ba. Wanda ya kiyaye waɗannan, kekensa zai mayar masa da ƙyallayen da ake zubarwa su zama barguna na sayarwa lokacin hunturu.

1. Sanin irin keken

Isaac Singer ya sami takardar mallakar fasahar kekensa a Amurka a shekarar 1851. Kekunan Singer masu ɗimbin yawa da suka bazu a ƙasashen da Ingila ta mulka an ƙera su ne a masana'antar Clydebank ta ƙasar Sikotilan, wadda aka rufe a 1980. Samfurin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira Singer 15, kuma a kan tsarinsa masana'antun Japan da Sin suka ƙera nasu, kamar Butterfly na birnin Shanghai.

Amfanin sanin wannan shi ne, kekunan da ke wannan dangi suna amfani da kwarkwaro iri ɗaya da allura iri ɗaya, watau allura mai lamba 15x1, wadda wasu kamfanoni ke rubuta wa HAx1 ko 130/705H. Saboda haka rufe masana'anta bai sa kayan gyara sun ɓace ba. Cikin keken ƙarfe ne zalla, kuma mai feda ba ya jiran wutar lantarki, abin da ke da muhimmanci ga telan ƙauye.

2. Abokan gaban keke

Kudancin Kaduna yanki ne mai yawan ruwan sama. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba iska tana ɗauke da laima, laima kuwa ita ce uwar tsatsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu tana shiga kowace kafa. Idan ƙura ta haɗu da mai da burbushin zare, sai ta zama kamar yashi mai cin ƙarfe a hankali.

Saboda haka wajibi ne a rufe keke da yadi mai kauri duk lokacin da aka tashi daga aiki. Kada a rufe shi da leda da damina, domin leda tana tara gumi. Kada a ajiye shi jikin bango mai jiƙa ko ƙarƙashin taga. In daɓen ɗaki na ƙasa ne, a ɗora ƙafafun teburin a kan katako.

3. Sharewa da sa mai

Mai ɗinki kullum ya kamata ya share kekensa aƙalla sau ɗaya a mako. Ga yadda ake yi:

(a) A cire allura da ƙafa, a kwance farantin da allura ke ratsawa.
(b) A sa ƙaramin buroshi a fitar da audugar da ta taru tsakanin haƙoran keke. Idan ta cushe, haƙora ba sa tasowa sosai, yadi kuma ba ya tafiya.
(c) A fitar da ƙoshiya da kwarkwaro, a goge mazauninsu da tsumma mai tsabta.
(d) A ɗiga ɗigo ɗaya na mai a kowane ramin mai da ke saman keken, da kan sandar allura, da mazaunin ƙoshiya. Sannan a kwantar da kan keken baya, a ɗiga a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe.
(e) A juya keken ba zare na ɗan lokaci, sannan a yi ɗinki a kan tsumma har mai ya daina fitowa, don kada ya ɓata kayan mutane.

Man keke, watau farin mai marar kauri da ake sayarwa musamman domin wannan aiki, shi kaɗai ya dace. Man gyaɗa da manja da man kaɗe suna daskarewa su zama ƙaro, su riƙe ƙarafa. Baƙin man mota kuwa ya yi kauri, ga shi yana tara ƙura. Keken da ya daɗe a ajiye har ya ƙage, a zuba masa kananzir a gaɓoɓinsa, a bar shi ya kwana, a riƙa juya shi a hankali har ya saki. Bayan haka a goge, a sa man keke, domin kananzir wanki yake yi, ba ya maye gurbin mai. Kada a buga wa keken da ya ƙage guduma. Kada kuma a goge jikinsa da fetur ko omo, domin suna cinye fenti da adon zinariyar da ke kansa.

Mai bai kamata ya taɓa bel ba, ko robar da ke juya kwarkwaro wajen naɗa zare. Bel na fata yakan saki da daɗewa. In ya fara sulɓewa, a kwance wayar da ta haɗa bakinsa biyu, a yanke kaɗan, a huda sabon rami, a mayar. Kada a ɗaure shi tamau, domin hakan yana sa feda nauyi.

4. Allura da zare

Yawancin abin da ake kai wa mai gyara, allura ce ko zare. Kowace allura tana da dogon kwari a gefe ɗaya, ɗaya gefen gindinta kuma a shafe yake. Ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce, zare yana shiga ne ta ɓangaren dogon kwarin. A yawancin kekunan Butterfly da danginsu, shafaffen gefen yana kallon dama, zare kuma yana shiga daga hagu. Allurar da aka sa a baibai tana tsallake ɗinki ko ta tsinke zare. Wadda ta lanƙwashe ko ta dakushe a jefar da ita, domin tana iya yi wa bakin ƙoshiya rauni, kuma allura ta fi ƙoshiya araha.

A ɗaga ƙafar keke kafin a zura zare, domin a lokacin ne faifan da ke matse zare suke buɗewa. Idan zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi, laifin yawanci na zaren sama ne: ko bai shiga tsakanin faifan ba, ko matsinsa ya yi sako-sako. Kada a yi gaggawar taɓa ƙaramin notin ƙoshiya sai an tabbatar da na sama.

5. Menene bargon ƙyallaye?

Bargo ne mai hawa uku. Na sama ƙyallayen atamfa ne da aka harhaɗa, na tsakiya auduga ce ko siririn soso ko tsohon bargo, na ƙasa kuma yadi ne guda. Sai a bi su da layukan ɗinki don su zama abu ɗaya. Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin haka ake ɗinka lifidin dawakai, a cusa auduga tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki. Bambancin shi ne lifidi da hannu ake yi, wannan kuwa da keke.

Matsalar da keke ke fuskanta ita ce, haƙoransa suna jan yadin ƙasa ne kaɗai, ƙafa kuma tana danne na sama. A yadi biyu marasa kauri ba a ganin illar haka. Amma a hawa uku, na ƙasa yana riga na sama tafiya, sai a iske bargo ya tattare, bakinsa bai daidaita ba. Maganin wannan shi ne zaɓen ƙafa.

6. Ƙafafun da ake bukata

(a) Ƙafa mai tafiya. Tana da nata haƙoran da ke kama yadin sama su tafi da shi daidai da na ƙasa. Tana da wani hannu da ake ɗorawa a kan notin da ke riƙe allura, shi ne ke motsa ta. Ita ce ta fi kowace muhimmanci wajen dogayen layuka miƙaƙƙu.

(b) Sandar awo. Ƙaramar sanda ce mai lanƙwasa da ake saƙalawa a bayan ƙafa. Tana bin layin da aka riga aka ɗinka, don sabon layin ya fito da tazara ɗaya ba tare da an zana da alli ba.

(c) Ƙafar kwatan inci. Faɗinta daga allura zuwa gefe kwatan inci ne, watau kamar milimita 6. Da ita ake haɗa ƙyallaye, don kowane baki ya zo daidai, kusurwoyi su haɗu. Wanda bai samu ba, ya auna wannan tazara a kan faranti ya manna tef.

(d) Ƙafar zane, wadda ake yin cikon yadi da ita. Tana tsalle tare da allura, ba ta danne yadi kullum, saboda haka mai ɗinki ne ke juya bargon da hannu ya fitar da fure ko ganye. Kafin a yi amfani da ita sai an sauke haƙoran keke. Keken da haƙoransa ba sa sauka, a rufe su da farantin da aka yi domin haka.

(e) Ƙafar baki. Tana naɗe siririn yadi a gefe ta ɗinke shi lokaci ɗaya. Ta dace da shimfiɗar jariri da abin da ba shi da kauri. Bargo mai kauri ba ya shiga bakinta, sai a yi masa baki da ƙafa mai tafiya.

7. Abin lura kafin a saya

Ƙafafu ba duka ne ke shiga kowane keke ba. Singer 15 da danginsa gajeren wuya gare su: idan aka sauke ƙafa, daga faranti zuwa notin da ke riƙe ta bai kai inci ɗaya ba. Ƙafar babban keken masana'anta doguwar wuya ce, ba za ta zauna ba. Har ila yau, ƙafa mai tafiya da aka yi domin keken zigizag tana da faɗi, haƙoranta ba lalle su hau kan na tsohon keke ba. A nemi wadda aka yi domin ɗinki miƙaƙƙe. Hanya mafi sauƙi ita ce mai saye ya tafi kasuwa da tsohuwar ƙafarsa a gwada. Bayan an ɗaura sabuwa, a juya keken da hannu a hankali a ga allura ta ratsa ba ta taɓa ƙarfe ba, kafin a taka feda.

8. Yadda ake ɗinkin

A wanke ƙyallaye a goge su tukuna, don wanda zai zuba ya zuba, wanda zai tsuke ya tsuke. A shimfiɗa hawa ukun a kan tabarma, a kama su da manyan ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa gefe. A sa allura mai lamba 14, ko 16 in bargon ya yi kauri. A buɗe tsawon ɗinki ya zama guda 8 zuwa 10 a inci ɗaya, a kuma sassauta notin da ke saman keke mai danna ƙafa. A fara daga tsakiyar bargo, a naɗe ɓangaren dama don ya shige ƙarƙashin hannun keken. In sakakkiyar auduga ce a ciki, kada tazarar layuka ta wuce inci 2, in ba haka ba za ta dunƙule wajen wanki.

A ajiye tebur ko benci a gefen hagu ya ɗauki nauyin bargon. Kada a ja yadi daga baya, domin jan yana lanƙwasa allura ta bugi faranti. Auduga tana zubar da burbushi da yawa, saboda haka a share haƙora da mazaunin ƙoshiya bayan kowane bargo.

Kammalawa

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kwalbar man keke da buroshi da fakitin allura kuɗinsu kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin sabon keke. Ana kira ga shugabannin ƙungiyoyin teloli da na mata, da masu koyar da sana'a, su karanta wa waɗanda ke ƙarƙashinsu wannan darasi, su kuma nuna musu a aikace. Wanda ke da keke a jingine, ya fito da shi ya gwada kananzir da mai kafin ya kira mai gwangwan. Mai niyyar sayar da bargo da hunturu kuwa, ya fara tara ƙyallaye tun damina.

Tambayoyi domin bita

1. Me ya sa man gyaɗa bai dace da keken ɗinki ba?
2. Ta wane gefen allura zare yake shiga?
3. Me ke sa bargo mai hawa uku ya tattare, kuma wace ƙafa ce maganinsa?
4. Waɗanne abubuwa biyu za a duba kafin a sayi sabuwar ƙafa?